Kafin a kai ga burs, an riga an gama tankaɗe

Ranar da aka kira sunayen waɗanda suka ci bak, wato jarrabawar gama sakandare mai kai mutum jami'a, ina zaune a zaure, rediyo na kunne amma hankalina na bakin ƙofa. Wajen la'asar sakaliya sai ga yarinyar da ke zaune gidana ta faɗo, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, igiyarsa ta tsinke a turmutsitsin bakin makaranta. Ta durƙusa ta ce, "Mushe, na samu." Uwargida ta rangaɗa guɗa daga cikin gida, har maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko haihuwa aka yi.

Yarinyar ba ɗiyata ba ce. Daga wani ƙauye take kudu da Magarya, inda na yi koyarwa shekarun baya. Da ta ci brebe, jarrabawar gama kolej, wato ƙaramar sakandare, mahaifinta ya kawo mini ita nan Damagaram da rabin buhun hatsi da kaji biyu, ya ce, "Malam, ga amana." Shekara uku ta yi a gidana tana lise, wato babbar sakandare. Da asuba ta taya uwargida shara da wanke-wanke, ranar da famfo ya ɗauke ta bi layi da jarka, da dare ta baje littattafai a ƙarƙashin fitilar zaure har sai na kore ta. Ta ci bak ɗin kimiyya da maki goma da 'yan kai bisa ashirin, tana da shekara 22. Ba ta taɓa maimaita aji ba. Tana da shekara tara aka sa ta lakwal, don sai a wannan shekarar aka kafa rumfar aji a garinsu.

A layinmu akwai wani Alhaji, mutumin kirki, muna sallah sahu ɗaya. Ɗansa ya ci bak a rana ɗaya da ita. Yaro ne mai ƙwazo, ba na rage masa komai. Tun yana shekara huɗu yake makarantar kuɗi, yana da malamin da ke zuwa gida da yamma, yana da ɗaki nasa da tebur da fanka. Ya fito da maki mai kyau yana da shekara 18. Su biyun suka haɗa dosiye, suka nemi kuɗin tallafin karatun nan da muke kira burs. Shi ya samu, ita ba ta samu ba. Bayan 'yan watanni muna fitowa daga masallaci Alhaji ya ce da ni, yana dariya, "Malam, ai kuɗin nan na man babur ne kawai, ni ko tambayarsa ba na yi." Ba da mugunta ya faɗa ba. Amma maganar ta tsaya mini a maƙoshi har yau.

Babu wanda ya cuci yarinyar nan da gangan, babu wanda ya karɓi cin hanci. An bi ƙa'ida sau da ƙafa, kuma ƙa'idar ce nake ƙorafi a kai. Ana duba makin da ka samu a bak, ana duba shekarunka. A takarda abin ya yi kama da adalci, tunda ma'auni ɗaya aka aza wa kowa. Sai dai maki a bak ba ƙwaƙwalwa kaɗai yake aunawa ba. Yana auna ko gidanku akwai wuta, ko malamin lissafinku ya zo aji ko ya tafi babban garin gunduma neman albashinsa na kwantiragi ya yi mako biyu, ko ka karya kumallo kafin ka fito. Shekaru kuwa, a karkara, nisan makaranta suke aunawa. Wani ma takardar haihuwarsa da ka aka yi ta, alƙali ya dube shi ya ƙiyasta, aka rubuta an haife shi wajen shekara kaza. Mun san su da yawa, duk ranar ɗaya ga watan Janairu aka haife su. To a kan wannan ƙiyasin ake yanke wa mutum hukuncin ya tsufa da samun tallafi.

Ni da na tsaya gaban allo a ƙauye na san inda ake zubar da yara, kuma ba a ƙofar jami'a ba ne. Rariya ta farko tana ƙarshen firamare. Kolej ba ya kowane gari, sai yaro ya tafi garin da ke da shi, a nema masa mai masauki. Namiji ya kwana a zaure ko a shago, ya ci in an samu, ranar Juma'a ya taka zuwa gida ya ɗauko gari da ƙuli-ƙuli. Mace kuwa uban zai yi ta juya abin a ransa: wa zai riƙe mini ita, me za a ce in wani abu ya faru? Sau da yawa amsar ita ce a bar ta gida, in an ga miji a ba shi. Ƙididdigar da aka daɗe ana ambata ta nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Mutanen birni na jin wannan su ce jahilci ne. Wani ɓangare nasa lissafi ne, kuma lissafin uban ba na wauta ba ne: ya ga 'ya'yan wasu sun yi shekara goma a lakwal sun dawo ba takarda ba sana'a.

Rariya ta biyu tana bayan brebe, lokacin da za a zo lise a Magarya ko Matamaye ko Gure ko Tanut ko nan birni. Ta uku ita ce bak kanta. Duk wanda ya tsallake ukun nan daga ƙauye, ko daga rugar da ke bin ruwa da ciyawa a arewacin Tanut da wajen Taskar, ko yana jan ƙafa da sanda, ko daga Kara-Kara inda sunan unguwar kaɗai ke sa a yi maka wani kallo, wallahi makinsa goma ya fi sha huɗun wani nauyi. Amma a daidai nan ne muke fito da sikeli mu ce kowa ya hau, mu ba wanda ya fi nauyi. Ihu bayan hari ke nan.

Don haka ra'ayina kashi biyu ne, kuma na farkon ya fi na biyun muhimmanci. A fara tallafin tun daga ajin farko na kolej, a bi yaro da shi har jami'a muddin yana cin jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. An gwada wani abu mai kama da haka: dokar da aka sa wa hannu a watan Disamba na 2017 ta ce a riƙe yarinya a makaranta har ta kai shekara 16, kuma a 2021 aka buɗe gidan kwanan 'yan mata a Kelle, cikin gundumar Gure, da niyyar a yawaita irinsa. Ko mutum na son waɗanda suka kawo tsarin ko ba ya son su, tunanin daidai ne, domin ya taɓa ainihin abin da ke hana uba sakin ɗiyarsa, wato wurin kwana da abinci da tsaro. Gini kaɗai dai ba ya riƙe yarinya. Sai da hatsi a sito, da mace mai amana da ke kwana da su, da ɗan abin sabulu a hannu. Kuma sai uban ya san cewa in ta kai bak ba za a ce masa ta tsufa ba.

Na biyu, a cikin burs ɗin jami'a a ware wani kaso, ko da ɗaya bisa huɗu ne, wanda ba za a yi gasarsa da ƙasa baki ɗaya ba. A yi gasarsa a cikin kowace makaranta. Waɗanda suka zo kan gaba a lise ɗin gwamnati na Dungas ko Belbeji su samu, ko da makinsu bai kai na ɗan makarantar kuɗi ta Yamai ba, kuma a ɗaga musu iyakar shekaru. A cikin kason a tabbatar rabi na mata ne, a kuma ajiye gurbi ga naƙasassu.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa mini a fada muna shan shayi. Wani abokina, malami ne shi ma, ya ce, "Kai dai kana son ka dawo mana da ɓangaranci ta bayan gida." Ban raina wannan tsoron ba. Mu mutanen Damagaram an daɗe ana mana kallon masu ƙorafi, tun da Turawa suka ɗauke babban birni daga nan suka mai da shi Yamai a 1926, kuma duk wanda ya buɗe baki ya ce gabas an bar ta a baya sai a ce ga su nan sun fara. Ƙasar nan ta sha wahalar siyasar yanki da ta ƙabila, ba mai hankalin da zai so a buɗe rajista a ce nawa ne Hausawa, nawa ne Barebari, nawa ne Tubawa. Shi ya sa ban ce a raba da ƙabila ba, ban ma ce a raba da jiha ba. Ɗan babban ɗan kasuwa na Zango ba ya bukatar a ware masa komai don kawai shi Badamagare ne, alhali ɗiyar manomi a ƙauyen Walam ko Filinge tana cikin halin da yarinyar gidana take. Makarantar da ka zauna, da halin gidan da ka fito, su za a duba.

Maƙwabtanmu na kudu sun nuna mana ramin da ke cikin rabo da jiha. A Najeriya gurbin shiga jami'o'in tarayya ana kasa shi ne: kashi 45 na cancanta, 35 na yankin da jami'ar take, 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilimi. Niyyar mai kyau ce. Amma duk wanda ke da 'yan uwa a Kano ko Katsina ya san wanda ya fi cin moriyar kason jihar da ke baya: ɗan babban ma'aikacin da ya yi karatu a makarantar kuɗi ta Abuja, ya zo da takardar shaidar asalin ƙaramar hukumar da bai taɓa kwana a cikinta ba. A wasu wurare an bi ta makaranta. Jihar Teksas ta Amurka ta yi doka a 1997 cewa duk wanda ya fito cikin kashi goma na farko a makarantarsa ta sakandare yana da gurbi a jami'o'in jihar. Barazil ta yi tata a 2012, ta ware rabin guraben jami'o'in tarayya ga waɗanda suka fito daga makarantun gwamnati. Ba cewa nake mu kwafo ba, nuni nake cewa ana iya gyara rabo ba tare da an tambayi mutum yarensa ba.

Kuma mu daina yi kamar ba mu san kaso ba. Tun shekarar 2000 muke da dokar da ta ware wa mata kaso a muƙaman zaɓe da na naɗi, aka ƙara shi a 2014, aka sake ƙarawa a 2019 ya kai 25 cikin 100 a na zaɓe, 30 a na naɗi. Tun 1993 doka ta ware wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Mun yarda a ware kujera a majalisa da ofis, amma bencin da zai kai mutum ga kujerar mun ce a'a, nan cancanta zalla. Daga ina matan da za su cika kason za su fito? Daga gidajen da suka saba fitowa, shi ya sa sunayen ba sa canzawa.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko ƙarfi, kuma ba ni da cikakkiyar amsarsa. Za a yi maguɗi. Ranar da aka ce ɗan lise ɗin ƙauye na da kaso, za ka ga 'ya'yan manya sun bayyana a rajistar ajin ƙarshe na makarantar da ba su san hanyarta ba. Mun san halinmu. Abin da zan iya cewa shi ne a ɗaure kason da shekaru: sai wanda ya yi kolej ɗinsa duka da lise ɗinsa duka a irin waɗannan makarantu. Babban mutumin da ya yarda ɗansa ya yi shekara bakwai a ajin zana, ya zauna a kan bulo, to ya biya kuɗin kason da gumin ɗansa, a ba shi. Ina ma zargin in haka ta faru ajin zanar ba zai daɗe yana zana ba. Sannan a liƙa sunayen waɗanda suka samu a ƙofar makarantar da ƙofar magajin gari, a karanta a rediyon gari. A ƙauye kowa ya san ɗan wane ne ya zauna aji, ba a ɓoye wa mutanen gari irin wannan.

Akwai masu cewa wanda aka ba ta hanyar kaso zai ji kunya, za a riƙa nuna shi. Na tambayi yarinyar gidana wannan. Ta dube ni kamar na yi wani yare, ta ce, "Mushe, kunyar da ta fi ta in tsaya a ƙofar gidan abincin jami'a ina jiran wata ta ba ni tikiti?" Ban ƙara tayar da maganar ba.

Duk wannan kuwa ba shi da amfani in kuɗin ba ya zuwa kan lokaci. Tarihin ɗaliban ƙasar nan rabinsa tarihin bin bashin burs ne. Tun ranar 9 ga Fabrairun 1990, da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai suna zanga-zanga kan matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi karatu, har zuwa yau, da wuya shekara ta wuce ƙungiyar ɗalibai ta USN ba ta fito kan kuɗin da aka yi wata da watanni ba a biya ba. Jinkirin nan ma ba daidai yake cin mutane ba. Ɗan Alhaji in an yi wata shida ba a biya ba, babur ɗinsa ne zai sha ƙasa da mai. Ɗan ƙauye kuwa zai ci bashin mai shago, ya fara kabu-kabu da dare, ya riƙa barci a aji, daga nan ya ce bari in je Libiya ko Aljeriya rani ɗaya in dawo. Ba ya dawowa aji.

Yanzu bari in zo kan kuɗin bincike, wanda mutane ke ɗauka maganar manyan malamai ce, ba ruwan talaka. Da ruwansa.

Jiharmu ita ce ta fi kowace yawan jama'a a ƙidayar 2012, mutum sama da miliyan 3 da rabi. Jami'armu ba ta tsaya da ƙafarta ba sai 2010, tare da ta Maraɗi da ta Tawa, kusan shekara arba'in bayan ta Yamai. Yau tana ɗauke da sunan André Salifou, ɗan garin nan, wanda ya rubuta tarihin daular Damagaram ta ƙarni na 19. Manyan cibiyoyin bincike kuwa, hedikwatar INRAN ta aikin gona, da AGRHYMET, da LASDEL, da tashar ICRISAT ta Sadore, duk suna Yamai ko gefenta, tafiyar kilomita wajen 900 daga nan. Ƙasashen Afirka sun yi wa juna alkawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a kan bincike, mu ko kusa ba mu je ba. Abin da ke shigowa yawanci na masu ba da agaji ne daga waje, kuma mai kuɗi shi ke zaɓar tambaya. Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Faransa ta dakatar da taimakonta, ta kuma tsayar da ba ɗalibanmu biza, muka ga yadda rumfar da aka kafa da sandar aro take.

Ga yadda rashin kuɗin ke aiki a ƙasa. Ɗalibin masta zai rubuta kundinsa, babu ko dala da aka ware masa don fita daji. Sai ya zaɓi batun da kabu-kabu zai iya kai shi: sharar kasuwar Dole, ko cunkoson wata unguwa. Ba laifi ba ne, su ma ana bukatarsu. Amma wa zai je kwarurrukan Gure ya zauna wata uku ya auna yadda rairayi ke cinye dabino da gonakin rogo da wuraren kanwa? Wa zai zauna da matan Kance ya fahimci abin da ke fitar da su da goyo zuwa Aljeriya, har mutum 92, galibinsu mata da yara, suka mutu da ƙishirwa a sahara a watan Oktoban 2013? Wa zai ƙare rayuwarsa a kan ruwan garin nan, da ke zaune bisa dutse, muna jiran abin da za a turo mana daga Arungoza da Ganaram? Wanda zai fi jure wannan aiki shi ne wanda uwarsa ke cikin matsalar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ne kuma ba shi da kuɗin mota.

Ina da wani tsohon ɗalibi, ɗan Fulani daga arewacin Gure, wanda ya yi lisans da wahala ya tsaya nan. Yana jin Fulatanci da Hausa da Barbarci da Faransanci. Duk wata tawagar bincike da ta zo yankin, shi ake nema. Ya hau bayan mota, ya kai su rijiya, ya san wane tsoho ne zai yi magana da wanda sai an sha shayi uku tukuna. Ana biyansa a kan kowace takardar tambayoyi da ya cika. Wata rana ya zo gaishe ni ya nuna mini a wayarsa wani rahoto da aka wallafa, ya ce, "Mushe, duba nan, wannan maganar kawuna ne ya faɗe ta, ni na fassara." Na duba sunayen da ke sama, na duba na ƙasa, babu nasa. Ya yi dariya ya ce ai shi ne bakinsu shi ne kunnensu, sai dai ba a rubuta sunan kunne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da yaron nan ke bukata ya yi nasa binciken bai kai kuɗin man motar tawagar na mako ɗaya ba.

Dubi kuma gawo. Duk wanda ya bi hanyar Mirya ko Matamaye ko Magarya ya ga gonaki cike da shi, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya yi kore da rani ya ciyar da dabbobi. Ana ba da labarin tsananin hukuncin da sarakunan Damagaram na da suka aza wa mai sare shi. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 manoma da kansu suka koma barin tsiron da ya fito a gona suna yi masa sassabe, har abin ya kai miliyoyin eka tsakanin nan da Maraɗi. Sai da hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna ƙasar ta yi duhu da itace sannan duniya ta waiwayo, aka yi ta rubutu ana zuwa kallo. Ilimin na manoman ne. 'Ya'yansu nawa ne suka zama daktoci a kansa? Da akwai ɗan asusun da ke neman irin waɗannan yaran da gangan, da yanzu su ke koyar da shi.

Abin da nake nema a nan ba babba ba ne. Asusu a kowace jami'ar jiha, mai ba da ƙananan kuɗi ga ɗaliban masta da dakta don aikin daji: kuɗin mota, da abinci, da awon ƙasa ko ruwa a ɗakin gwaji. A fifita mata da waɗanda suka fito daga makarantun karkara da yankin makiyaya. Mace a nan sai an yi mata tanadi na daban, don lokacin da take kai wa masta yawanci tana da aure da goyo, in ba a sa kuɗin mai reno a lissafi ba an cire ta ke nan ba tare da an faɗa ba. Sharaɗi ɗaya zan ɗora: wanda ya ci kuɗin ya koma garin da ya yi binciken ya faɗa musu abin da ya gano da harshensu, a dandali ko a rediyo. Tunda kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa, to ga wurin da za a fara nuna abin ba a takarda ya tsaya ba. In garin na Barebari ne ko Buzaye ko Tubawa ko Fulani, a faɗa da nasu.

Ina kuɗin zai fito? Ka fita ta hanyar Tanut, tafiyar kilomita hamsin da 'yan kai, za ka ga matatar SORAZ tana hayaƙi tun ƙarshen 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana. Tankokin mai na ratsa garin nan dare da rana. Dokokinmu na ma'adinai da na man fetur sun riga sun amince da cewa kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen shiga ya koma yankunan da ake haƙowa, wato ƙa'idar a bar wa wuri wani abu daga arzikinsa ba baƙuwa ba ce. Najeriya, da duk abin da ake faɗa a kanta, tana da asusun TETFund da ake cikawa da harajin ribar kamfanoni, kuma duk wanda ya shiga jami'o'in Kano ko Zariya ya ga gine-gine da sunansa a jiki, ya ga malaman da ya tura karatu. Tun 1973 suke da wani asusun na horar da 'yan ƙasa a fannin man fetur. Mu ma ana iya yanke wani ɗan abu sananne daga kowace lita, a rubuta shi a doka yadda ba ministan da zai taɓa shi, a riƙa buga lissafinsa kowace shekara. Su ma attajiranmu da ke zuwa Umra sau biyu a shekara, da 'yan uwanmu da ke Kano da Legas da Turai, ɗaukar nauyin yarinya ɗaya daga kolej zuwa lisans bai kai kuɗin kujera ɗaya ba. Amma wannan ƙari ne, ba ya ɗauke wa gwamnati nata.

Yarinyar gidana ta yi rajista a jami'ar nan, ta ci gaba da zama wurinmu. Ta samu ɗan taimakon nan da ake ba waɗanda ba su da burs sau ɗaya a shekara, ya tafi a kuɗin rajista da kwafin darussa. Ta ci shekarar farko. A tsakiyar ta biyu mahaifinta ya kwanta ciwo, damina kuma ba ta yi kyau ba, ta ce za ta je ta duba shi ta dawo. Yanzu tana koyarwa a matsayin 'yar kwantiragi a wani ƙauye kusa da nasu, tana da aure da ɗa ɗaya. Likita take so ta zama, ko aƙalla ungozoma mai digiri, a yankin da mace mai naƙuda ke hawa amalanke.

Watan jiya mahaifin ya sake zuwa, ya rame amma ya miƙe. Ya sauke rabin buhun hatsi a zaure, a bayansa wata 'yar siririya tana ɓoye fuska da mayafi. Ƙanwarta ce, za ta shiga ajin farko na kolej. Ya ce, "Malam, ga wata amanar." Na ce Allah ya ba mu ikon riƙewa, uwargida ta ja ta ciki. Da ya tafi na buɗe takardar haihuwarta: ɗaya ga Janairu, shekararta 14. Na ƙirga da yatsu, huɗu a kolej, uku a lise. In ba ta faɗi ko sau ɗaya ba, in ba a yi shekarar da yajin aiki ya cinye ba, za ta zauna bak tana da 21.